Ina Perpetua Nkwocha take yanzu, ƙwallon ta rufa mata asiri kuwa?

Gwaggon Ummi, Badarawa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman wanda ya san tarihin Perpetua Nkwocha, wadda ta yi wa Super Falcons, tawagar ƙwallon mata ta Najeriya, wasa, ya warware mini shi tun daga farko har inda ta jingine takalmi. Abin da na fi so in ji shi ne bayan ritaya: me take yi, da me take ci, ƙwallon ta rufa mata asiri ko suna kawai ta bar mata?

Ga abin da ya sa nake tambaya. Ni malamar firamare ce, kuma 'yar ƙanena tana hannuna tun tana ƙarama, don makarantarsu ta fi kusa da gidana. Yanzu shekararta 14, tana aji uku na ƙaramar sakandare. Allah ya ba yarinyar nan baiwar ƙwallo. Ba don tawa ce nake faɗa ba. Malamin wasanninsu da ƙafarsa ya tako har gida, ya ce mini bai taɓa koyar da mai ƙafar hagu irin tata ba, yana roƙon a bar ta ta riƙa zuwa atisaye da wasu 'yan mata a Murtala Square, a nan Kaduna, ranakun Asabar da Lahadi. Karatunta bai taɓu ba, Islamiyya ma ba ta fashi, ta kusa sauka. Da dogon wando da ƙaramin hijabi take shiga fili.

Da na kai maganar gaban mahaifinta bai yi faɗa ba. Ya yi shiru, sannan ya ce: "Yaya, ki nuna mini mace ɗaya da ta yi ƙwallo ta gama lafiya, ta girma da mutuncinta da abin hannunta. In kin nuna mini sai mu zauna." Maganar ta tsaya mini a rai, don uba ne, kuma bai faɗi abin banza ba. Ba na so in je masa da sunan Asisat Oshoala, zai ce mini ai tana kan bugawa, a bari a ga ƙarshe. Wadda ta gama nake nema. Sunan Perpetua ne ya faɗo mini, saboda lokacin muna 'yan mata kusan duk sanda aka ce Falcons sun ci kofi a labaran wasanni na rediyo, sai an ambace ta.

Don Allah wanda zai amsa ya faɗi daɗin da ɗacin duka. Ba hujjar kayar da ƙanena nake nema ba, so nake mu yanke abin da ba za mu cuci yarinya ba.

Koci, Tudun Wada

Wa alaikumus salam Malama. Kin zaɓi wadda ta dace, bari in ba ki abin da na riƙe.

An haifi Perpetua a watan Janairun 1976, 'yar jihar Imo ce. A gasar cikin gida ta fara, daga nan aka kira ta tawagar ƙasa, kuma tana cikin waɗanda suka je gasar Olamfik ta 2000 a Sidni. Daga lokacin ba ta ƙara sauka ba sai bayan shekara 15. Ta je Olamfik sau uku, 2000 da 2004 da 2008. Ta je gasar cin kofin duniya sau huɗu, 2003 da 2007 da 2011 da 2015. Kofin Afirka na mata kuwa sau biyar ta ɗaga shi: 2002, 2004, 2006, 2010 da 2014.

Amma jera shekaru ba ya nuna ko wace ce ita. Wasan da nake ba yarana labari kullum shi ne wasan ƙarshe na 2004 a Afirka ta Kudu. Najeriya ta ci Kamaru 5 da nema, huɗu daga ciki ita kaɗai ta zura. A wasan ƙarshe fa, Malama, inda manyan 'yan wasa ƙafa ke yi musu nauyi. Ta gama gasar da ƙwallo 9. A 2006 da aka yi a jihar Delta, ƙwallo ɗaya tal ce ta raba mu da Gana a wasan ƙarshe, kuma ita ta ci. A 2010 ta zura 11 a gasa guda, tana da shekara 34. Abin da ya fi burge ni da ita natsuwa ce. In ta samu ƙwallo a gaban raga ba ta rawar jiki, sai ta ɗaga kai ta duba inda mai tsaron gida ya karkata. Kuma ba jiran ƙwallo take yi a gaba ba, takan sauko tsakiya ta karɓa, ta raba, ta sake kutsawa. Ko a wajen Afirka ta bar alama: ita ta ci Burazil da bugun fenareti a Olamfik ta 2008, duk da an doke mu 3 da 1, ita kuma ta ci ƙwallon da muka doke Kanada da ita a kofin duniya na 2011 a Jamus, wasan da har wuta ta ɗauke a filin aka dakata.

Hukumar ƙwallon Afirka ta zaɓe ta gwarzuwar shekara sau huɗu, 2004 da 2005 da 2010 da 2011. Ba wadda ta wuce ta a wannan sai Asisat, da ta kai shida.

To yanzu ga inda tambayarki take. Perpetua ba ta samu zuwa Turai da wuri ba. Sai 2007, tana da shekara 31, ta koma wani kulob mai suna Sunnanå a garin Skellefteå, can arewacin Suwidin, inda a lokacin sanyi rana 'yan awoyi kawai take leƙowa, ƙanƙara ta rufe ko'ina. Ba babban kulob ba ne mai kuɗi. Ta zauna da su har 2014, har lokacin da suka faɗa rukuni na biyu ba ta gudu ta bar su ba. Ni a wurina wannan zaman shi ne babban abin da ta yi wa kanta, ya fi ƙwallaye huɗun nan amfani a rayuwarta. Mutanen garin suka san ta, suka yarda da ita, ta samu takardar zama 'yar ƙasa. Da ƙarfi ya fara ja baya, a 2015 ta koma wani ƙaramin kulob na garin, Clemensnäs, tana bugawa tana horarwa. An kuma ba da labarin yadda take koya wa samari 'yan gudun hijira, mafi yawansu daga Afganistan, ƙwallo a wannan gari. A shekarar ce ta je kofin duniya na ƙarshe a Kanada tana da shekara 39.

A 2016 aka kira ta gida, ta zama mataimakiyar koci a ƙarƙashin Florence Omagbemi, suka je Kamaru suka ci kofin Afirka a gaban masu gida, da ƙwallon Desire Oparanozie. Omagbemi ma ki riƙe sunanta: ta ci kofin tana kyaftin, ta dawo ta ci tana koci. Ga Ann Chiejine, tsohuwar mai tsaron gida, ita ma horarwa ta koma.

Saboda haka in mahaifin Ummi mace ɗaya ya ce a nuna masa, ga uku. Ba attajirai ba ne irin 'yan ƙwallo maza da muke gani, kada ki je masa da wannan. Amma sun gama da mutuncinsu, da sana'a a hannu.

Baba Alhaji, Unguwar Sarki

Malama, Allah ya yi miki albarka da kika tsaya wa 'yar ɗan'uwanki, shi ma Allah ya saka masa da ya ce a zauna a duba. Koci ya gama da Perpetua, ni wani abu zan ƙara da yaran yanzu ba su sani ba.

Ƙwallon mata ba baƙuwa ba ce a garin nan. A 1998, da Najeriya ta karɓi gasar kofin Afirka ta mata, an buga wasu wasannin a nan filin Ahmadu Bello. Ina cikin waɗanda suka shiga kallo. Najeriya ta zuba wa Maroko 8 da nema, kuma har aka gama gasar ba wanda ya zura mana ko ɗaya. Zamanin su Mercy Akide ke nan da Nkiru Okosieme da Omagbemi. Akide ce ta fara karɓar kyautar gwarzuwar Afirka a 2001, ta kuma yi karatu da wasa a Amurka.

Sannan wa ya kai waɗannan 'yan mata kofin duniya na 1999 a Amurka? Marigayi Isma'ila Mabo, mutumin Jos, tsohon ɗan wasan Mighty Jets. Namu ne, da Hausa yake magana. A hannunsa suka doke Koriya ta Arewa da Danmak, suka kai wasan kwata fainal. Burazil ta ci su uku kafin a tafi hutun rabin lokaci, suka dawo suka farke duka ukun, sai a ƙarin lokaci Sissi ta Burazil ta ci da bugun tazara, kuma dokar lokacin wanda ya fara ci a ƙarin lokaci ya gama. Har yau Falcons ba su sake kaiwa wannan matakin ba. A hannunsa kuma Perpetua ta je Olamfik. Ya rasu a 2023, Allah ya jiƙansa da rahama. Kofin Afirka da aka ci a 2025 ma, na goma, kocin ɗan Adamawa ne, Justine Madugu. Wato mun ba da masu horarwa, 'ya'yanmu mata ne muka riƙe.

Abin da ke ci mini rai shi ne Marokon nan. Ƙasar Musulmi ce. Wadda muka yi wa takwas a Kaduna ta koma gida ta gina filaye da makarantun horo, ta tsara gasar mata da albashi. A 2022 ita ta fitar da mu a wasan kusa da na ƙarshe. A 2023 ta tsallake zagayen farko a kofin duniya, kuma 'yar bayansu, Nouhaila Benzina, da hijabinta ta buga, ita ce ta farko da ta yi haka a wannan gasa, don tun 2014 aka halatta rufe kai a dokar ƙwallo. A 2025 sai da suka ci mu biyu a wasan ƙarshe kafin mu farfaɗo mu ci 3 da 2. Ki nuna wa ƙanenki hoton yarinyar nan, zai ga batun sutura ba shi ne cikas ba.

Maman Sadiq, Barnawa

Yaya, kin ce a faɗi ɗacin, to ni shi na zo da shi. Ina girmama Koci da Baba, duk abin da suka faɗa haka yake. Amma ina ganin mahaifin Ummi ya sauƙaƙa tambayar da ya ce mace ɗaya. Da ni ce, cewa zan yi: cikin 'yan matan da suka fara tare da Perpetua, nawa ne suka ƙare kamar ta?

Ita kanta Perpetua, a shekarar da ta zura huɗun nan, 2004, bayan sun ci kofi 'yan wasan sun ƙi fita daga otal a Afirka ta Kudu sai an biya su haƙƙinsu. A 2016 da take mataimakiyar koci, sun dawo da kofi suka zauna a otal a Abuja kusan mako biyu, har sai da suka ɗauki kwalaye suka yi tattaki zuwa majalisa kafin a saki kuɗin alawus. A 2019 a Faransa an sake maimaitawa bayan an fitar da su. Waɗannan zakarun nahiya ne fa, waɗanda duniya ke ganinsu a talabijin. Ina ga yarinyar da ke wani kulob ɗin jiha, ba wanda ya san sunanta? Na ji daɗi da aka yi wa na 2025 alkawarin dala dubu 100 kowacce da gida da lambar girma, amma wannan mutum 24 ne a ƙasa guda.

Ba daga jarida kawai nake magana ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma 'yar maƙwabciyarmu ta bi wannan hanya. Ta bar makaranta a aji biyar na sakandare, wani kulob a wata jiha ya ɗauke ta. Albashi sai a yi watanni ba a gani ba, uwarta ce ke aika mata garin kwaki da kuɗin mota. Ana cikin haka jijiyar gwiwarta ta tsinke a wasa. Wannan rauni ya fi kama mata 'yan ƙwallo fiye da maza, kuma ba a gyara shi da ɗauri, sai tiyata da watanni na gashin ƙashi. Kulob ɗin ya ce ta je gida ta huta. Iyayenta suka sayar da fili. Yau tana tafiya, alhamdu lillahi, amma ba ƙwallo, ba takardar sakandare, tana kitso a ƙofar gida. Na kwana da uwarta a asibiti, ba zan manta kukanta ba.

Ki lura da abin da Koci ya faɗa da bakinsa: abin da ya riƙe Perpetua bayan ritaya ba kofunan Najeriya ba ne, zamanta a ƙasar da ake biyan albashi a kan lokaci, ake da inshorar lafiya, ake koya wa ɗan wasa horarwa tun yana bugawa. Ummi a Kaduna take.

Ban ce a hana ta ba, wallahi ina son in ga 'yar Badarawa da rigar ƙasa. Amma a sa sharaɗi. Ba barin makaranta ko da wa ya zo da wane alkawari. Ba kwana a wani gari sai da babbar mace ta gida ko wadda kuka amince da ita, domin yarinya mai shekara 14 a hannun mazan da ke da ikon sa ta a wasa ko ajiye ta a benci, wannan abin a sa ido ne sosai. Kuma duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai fitar da ita waje gwaji, ku rufe ƙofa.

Koci, Tudun Wada

Maman Sadiq, ba abin da zan cire a maganarki. Irin wannan yarinyar na gani ba ɗaya ba, shi ya sa duk wadda ta faɗi jarrabawa a wurina sai ta huta da atisaye har ta gyara.

Abin da zan ƙara, Malama: a shekara 14 ba maganar kulob ake yi ba tukuna. Atisayen ƙarshen mako, wasannin makarantu, gasar matasa ta jiha, sun ishe ta har ta gama sakandare. Manyan kulob ɗin mata da suka fi kusa da mu su ne irin Nasarawa Amazons a Lafiya, waɗanda sun taɓa cin gasar ƙasa, da Adamawa Queens a Yola, sauran manyan kamar Rivers Angels da Bayelsa Queens da Edo Queens duk kudu ne. Ba inda za ta yanzu. In tana da kyau kamar yadda malaminta ya faɗa, tawagar 'yan ƙasa da shekara 17 ce ƙofar farko, su ne suka zo na uku a duniya a Indiya a 2022.

Kuma hanyar da Perpetua ta bi a ƙarshe, Ummi tana iya farawa da ita. Ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya nan kusa, ana karanta ilimin motsa jiki da lafiya, ana buga wasannin jami'o'i. Akwai cibiyar horar da masu horarwa ta ƙasa a Legas, akwai lasisin horarwa na hukumar ƙwallon Afirka daga matakin D zuwa sama, akwai alƙalancin wasa, akwai gashin ƙashi na 'yan wasa. Babbar matsalarmu a nan ita ce ƙarancin mata masu horarwa. Iyaye da yawa sun ce mini da mace ce ke riƙe da yaran da sun saki 'ya'yansu. Bahaushiyar da ta buga ƙwallo, ta yi karatu, ta riƙe lasisi, ba za ta rasa aiki a jihar nan ba.

Gwaggon Ummi, Badarawa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Ban san an taɓa buga irin wannan gasa a filin Ahmadu Bello ba, kuma ƙanena mutum ne mai son tarihin ƙwallo, sunan Mabo kaɗai zai sa ya gyara zama.

Maman Sadiq, maganarki ce ta hana ni barci, kuma ita zan fara karanta masa kafin ta Koci. Ba zan ɓoye masa zaman otal ɗin nan da labarin 'yar maƙwabciyarki ba. Allah ya ba ta lafiya, ya buɗa mata wata ƙofar. Abin da zan roƙe shi kaɗan ne: a bar ta ta riƙa zuwa ranar Asabar kawai, Lahadi ta Islamiyya ce, ni da kaina zan kai ta in zauna har a tashi, mu gwada zuwa ƙarshen zangon karatu mu ga sakamakon jarrabawarta. Maganar kulob da tafiya wani gari babu ita sai ta riƙe takardar sakandare. Ita ma Ummi zan zaunar da ita in ba ta labarin Perpetua, musamman cewa sai da ta kai 31 ta samu zuwa Turai, don yarinyar tana ganin in ba a ɗauke ta bana ba shi ke nan ta makara.

Tambaya ɗaya ta rage, Maman Sadiq, ta ɓangaren aikinki. Filin da suke atisaye ƙasa ce mai tauri, kuma takalmin da take sawa na yayanta ne, ya yi mata ɗan yawa. Akwai abin da za a yi tun yanzu don kare gwiwar?

Maman Sadiq, Barnawa

Akwai, Yaya. Takalmin nan a fara canja shi, ko na gwanjo ne a Kasuwar Barci, in dai daidai ƙafarta ne. A ƙasa mai tauri kada a saya mata mai dogayen haƙora, suna kama ƙasa ƙafa ta tsaya gwiwa ta murɗe, a nemi mai gajerun haƙora masu yawa. Kada ta shiga wasa ba ta ɗumama jiki ba, kuma ki tambayi malamin ko yana koya musu ƙarfafa cinya da yadda ake dira bayan tsalle, gwiwa a ɗan lanƙwashe ba tare da ta faɗa ciki ba. Hukumar ƙwallo ta duniya tana da tsarin ɗumama jiki na minti 20 da ake kira 11+, kyauta ne a intanet, ki sa ya duba. In ta taɓa cewa ta ji ƙara a gwiwa, ko ta kumbura bayan wasa, kada a kai ta wurin mai ɗori a ja, a sa ƙanƙara a kawo ta asibiti.